Wa Ya Ji Mata Ciwo? Tarihin Jariran da Ake Haifa da Giɓin Fata

Damina biyu da suka wuce, ina gida hutun lakkwal, matar wana ta haihu da asuba. Mace aka samu. Kafin rana ta ɗaga, guɗa ta koma ƙus-ƙus. Da ungozoma ta yanke cibi ta ɗauki jaririyar za ta wanke, sai ga wani wuri a tsakar kanta, bayan maɗiga kaɗan, ja wur, ba fata ba gashi, faɗinsa kamar ƙarfen dala ashirin. Jini bai zuba. Yana dai nan ɗanye, da gefe a zagaye tsaf kamar an auna.

Nan take aka shiga neman mai laifi. Wasu suka ce rezar tsohuwa ce ta kuɓuce. Wasu suka ce mai jego ce ta bari kan ɗiya ya bugi ƙasa wajen durƙuso. Gwaggonmu kuwa cewa ta yi: "Ai ni na hwaɗi tun tuni. Yarinyar ga ba ta jin magana, da tsohon ciki take hita da almuru." Ungozomar, wadda ta yanke cibin rabin unguwarmu har da nawa, ta zauna bakin ƙofa tana rantsuwa: "Wallahi tallahi haka ta zo da abinta. Reza ba ta kai ga kanta ba." Ba wanda ya saurare ta.

Rana ta uku muka kai jaririyar likita a birni. Likitan ya duba kan, ya ƙirga yatsun hannu da na ƙafa, ya saurari zuciya, sannan ya rubuta kalmomi uku na Latin a takarda: aplasia cutis congenita. Ya ce wa wana: "Tun a ciki ta zo da shi. Ba wanda ya ji mata ciwo." Na riƙe takardar nan. Da na koma makaranta na bi kalmomin ukun, sai na tarar gardamar da aka yi a tsakar gidanmu an yi irinta a Turai shekara ɗari huɗu da suka wuce, kuma an daɗe ƙwarai kafin a fita daga cikinta. Yadda aka fita shi ne abin da nake son in ba ku labari, ƴan'uwa.

Mi ne ne abin?

Ma'anar kalmomin ita ce fatar da ba ta tsira ba tun kafin haihuwa. Bari in kira shi giɓin fata. Ana ƙiyasta cewa cikin haihuwa 10,000 ana samun jariri 1 zuwa 3 da shi. Mafi yawa, wajen kashi 70 zuwa 85 cikin ɗari, a kai yake fitowa, kusa da inda gashi ke juyawa kamar guguwa a tsakar kai. Galibi wuri ɗaya ne, ƙarami, santimita ɗaya zuwa biyu. Wani yakan zo ɗanye kamar gyambo, wani da tantani siriri a rufe kamar bororo, wani kuma ya riga ya warke tun a ciki, tabo kawai ake gani. Ƙanana sukan warke da kansu cikin makonni ko ƴan watanni, su bar wuri sumul wanda gashi ba ya tsirowa har abada. A wasu jariran, ƙasa da ɗaya cikin uku, giɓin yakan zarce har ƙashin kai. Can ne hatsarin yake.

Lokacin da laifin ke wuyan uwa

A 1573 wani likitan fiɗa na Faransa, Ambroise Paré, ya fitar da littafi kan jariran da ake haifa da wata halitta daban. Shi kansa da wanzanci ya fara, don a Turai ta zamanin mai aski shi ne mai tsaga da ƙaho da cire haƙori, kamar dai namu. Ya ƙware har ya yi wa sarakunan Faransa huɗu aiki. Amma da ya zo lissafa dalilai, goma sha uku ya kawo, ciki har da fushin Ubangiji, da aikin aljannu, da yadda mai ciki ke zama, da faɗuwa ko duka, da abin da ta gani ya tsaya mata a rai. Gadon ciwo daga iyaye ma yana cikin jerin, sai dai ya nutse cikin sauran. Da gwaggonmu ta ji jerin nan, da ba abin da za ta ƙara.

Maganar abin da mai ciki ta gani ita ta fi ƙarfi. Masu ilimi na lokacin sun yarda cewa idan mace ta firgita da ganin rauni, ɗanta zai iya zuwa da rauni a daidai wurin. Idan ta yi kwaɗayin wani ɗan itace ba ta samu ba, siffarsa za ta fito a jikin jariri. A 1714 Daniel Turner, wanda ya rubuta littafin farko na ciwon fata da Ingilishi, ya ware babi guda yana kare wannan ra'ayi. A 1727 wani likita a Landan, James Blondel, ya fito ya ce sam. Hujjarsa mai sauƙi ce: mata nawa ne suka firgita da ciki suka haifi ɗiya lafiya lau? Jarirai nawa ne suka zo da tabo ba tare da uwar ta ga komi ba? Suka yi ta musayar rubutu shi da Turner shekara da shekaru, jama'a kuwa suka ci gaba da bin Turner, don labarin firgita ya fi daɗin ji.

Wanda ya gwada abin a aikace shi ne William Hunter, likitan haihuwa a Landan a ƙarni na 18. Kamar yadda Charles Darwin ya ruwaito daga baya, a wani babban gidan haihuwa an yi shekaru ana tambayar kowace mace, tun kafin naƙuda, ko akwai abin da ya firgita ta ko ya dame ta da cikin nan, a rubuta amsarta a ajiye. Bayan haihuwa sai a duba. Ba a taɓa samun amsar ta dace da abin da jaririn ya zo da shi ba. Amma da zarar uwa ta ga tabon, sai ta tuno wani sabon dalili da ba ta faɗa ba da farko. Ku lura da dabarar, don ita ce za ta yi ta dawowa cikin labarin nan: a rubuta tukuna, a yanke hukunci daga baya.

Wasiƙar 1767 da jaririn 1826

A 1767, lokacin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo bai wuce shekara 13 ba, wata mujallar likitoci da masu fiɗa da masu haɗa magani ta Pari ta buga guntuwar wasiƙa daga wani mai suna Cordon. Ba ta fi shafi biyu zuwa uku ba. Labarin ɗiya uku ne na uwa ɗaya, kowanensu an haife shi da wani sashe na gaɓoɓinsa babu fata. Wannan wasiƙa ita ce likitocin duniya ke lissafawa a matsayin bayanin farko na giɓin fata. Cordon bai san dalili ba, kuma ba shi da na'urar da zai nemo shi. Amfanin wasiƙarsa yana cikin lambar ukun nan. Reza na iya kuɓucewa sau ɗaya. Mace na iya firgita sau ɗaya. Amma abu ɗaya ya maimaitu sau uku a ɗaki ɗaya, to a fara duba jinin gidan.

Sai a 1826 aka samu bayanin irin na kai. Wani likita Campbell ya buga a wata mujallar likitoci ta Edinbara, a Sikotland, labarin jaririn da aka haifa da gyambo a ƙoƙon kai, wanda jini ya ɓalle mishi ya rasu a rana ta 18 da haihuwa. Har yau wannan ne abin da likita ke tsoro idan ya ga babban giɓi a tsakiyar kai. A daidai layin nan, ƙarƙashin ƙashi, akwai wata babbar hanyar jini da ke kwaso jini daga ƙwaƙwalwa, tun daga goshi har ƙeya. Idan ba fata ba ƙashi, tantani kaɗai ke tsare ta. Idan aka bari wurin ya bushe ya yi ɓawo, ɓawon na iya tsagewa ya yage ta. Hanya ta biyu ta mutuwa ita ce ƙwayoyin cuta su shiga ta wurin su kai ga rigar ƙwaƙwalwa, ya zama sanƙarau. Mu nan ba sai an yi mana bayanin sanƙarau ba.

Laifi ya koma hannun mai karɓar haihuwa

Cikin ƙarni na 19, da likitoci suka fara jin kunyar maganar firgita, sai suka koma ga jakar ruwan da jariri ke kwance a ciki, wadda idan ta tsage mata ke cewa faya ta fashe. Suka ce tantanin jakar ne ke mannewa da fatar jariri, idan ya saki ya tafi da ita. Akwai ƴan lokutan da hakan ke faruwa, amma bai isa ya bayyana yawancin jariran ba, don sau da yawa akan duba jakar a tarar ba abin da ya same ta.

A zamanin nan kuma haihuwa ta fara komawa asibiti a Turai, da ƙarafunan jawo kan jariri. Sai zargi ya samu sabon masauki. Uba ya ga ɗanyen rauni a kan ɗansa, ya san an sa ƙarfe, mi kuke so ya ce? Har cikin ƙarni na 20, da aka ƙirƙiro ƴar wayar da ake maƙala wa fatar kan jariri don sauraron bugun zuciyarsa lokacin naƙuda, littattafan likitoci suna gargaɗin cewa ana rikita giɓin fata da raunin haihuwa, ana tuhumar ma'aikata da laifin da ba su yi ba.

Abubuwa biyu ne suka wanke su, kuma duka daga tarin rahotanni suka fito. Na ɗaya, ana samun giɓin a jariran da aka yi wa uwarsu aiki aka ciro, da waɗanda aka haifa ba ƙarfe ba waya. Na biyu, wanda ya fi ƙarfi: jarirai da yawa suna zuwa da wurin ya riga ya zama tabo, ko gefensa ya fara warkewa. Tabo ba ya haɗuwa cikin awa ɗaya. Makonni yake ci. Duk wanda ya ga tabo a kan ɗan da aka haifa yau da safe, ya san abin ya faru tun hannun kowa bai kai gare shi ba.

A 1982 wasu likitocin yara a Amurka, Stephan da abokan aikinsa, suka tambayi abin da ya sa giɓin ya fi son wurin guguwar gashi. Bayaninsu shi ne, wajen wata na uku zuwa na huɗu na ciki ƙwaƙwalwa na girma da sauri, tana miƙa fatar da ke rufe da ita, kuma wurin nan ne jan ya fi tsanani. Ka tuna fatar kalangu idan an ɗaure ta da ƙarfi. Ba kowa ya gamsu da wannan bayani ba, amma ya mai da hankalin masu bincike ga watannin farko na ciki, nesa da ranar haihuwa.

Dangi, da tagwayen da ba a gani ba

Zargin da wasiƙar Cordon ta tayar ya samu tabbaci a ƙarni na 20. A 1945 Forrest Adams da Clarence Oliver, a Amurka, suka bayyana wani dangi da mutane da dama cikinsu, kaka da ɗa da jika, ke da giɓi a kai tare da gajerun yatsu ko rashin ƙarshen hannu ko ƙafa. Yau ana kiran wannan da sunansu su biyu. Abin da ya sa kenan likitanmu ya ƙirga yatsun ɗiyar wana kafin ya ce komi. A 1960 Klaus Patau ya gano jariran da ke da kuromozom na 13 guda uku maimakon biyu, kuma da yawa daga cikinsu suna zuwa da giɓi a kai, tare da wasu matsaloli masu nauyi na zuciya da ƙwaƙwalwa. A 1966 Bruce Bart ya bi wani babban dangi da ake haifar ɗiyansu babu fata a ƙafafu, fatarsu na yin bororo da ɗan gogayya, faratansu kuma a lalace. Bayan shekara talatin aka gano cewa matsalar dangin tana cikin ƙwayar gadon da ke ƙera wani irin zare mai ɗinke saman fata da ƙasanta.

Akwai wani nau'i da ya fi ba ni mamaki. A 1977 Mannino, Jones da Benirschke suka haɗa rahotannin jariran da ke zuwa da giɓi a kirji, ciki, ko cinya, dama da hagu daidai wa daida kamar an naɗe takarda an yanka. Da aka duba mabiyiya, sai a tarar da wani ɗan tayi a manne, ya bushe ya yi fale-fale kamar ganye. Ashe tagwaye ne. Ɗayan ya mutu tun cikin na wata uku ko huɗu, kuma da yake hanyoyin jininsu a haɗe suke, mutuwarsa ta girgiza jinin mai ran, wasu sassan fatarsa suka rasa jini suka mutu. Uwar ba ta taɓa sanin biyu take ɗauke da su ba. A garuruwanmu, wadda ke riƙe mabiyiya a hannu kafin a binne ita ce ungozoma. Wato shaidar da manyan likitoci suka yi shekaru suna nema, ta hannun irin tsohuwar nan da muka tuhuma take wucewa.

Magani, da naman shanu

Shekarar 1961 ta sauya tunanin duniya game da ciki. A lokacin ne William McBride a Ostareliya da Widukind Lenz a Jamus suka nuna cewa talidomid, maganin da ake ba masu ciki don barci da tashin zuciya, shi ne ya sa aka haifi yara sama da 10,000 da gaɓoɓi a nakashe. Daga nan ƙasashe da dama suka buɗe rajistar jariran da ke zuwa da wata tawaya, suna ƙirgawa shekara-shekara.

A 1972 Samuel Milham, ma'aikacin lafiya a jihar Washinton ta Amurka, mutumin da aka sani da bin takardun haihuwa da na mutuwa yana ƙirga, ya buga ƴar gajeruwar wasiƙa shi da Elledge. Sun lura cewa cikin jariran da suka zo da giɓi a kai, akwai waɗanda uwayensu ke shan metimazol. Wannan magani ne na ƙullutun wuya da likitoci ke kira tiroyid, wanda idan ya kumbura muke cewa maƙoƙo. Ana ba da shi ne ga wanda ƙullutun ke aiki fiye da ƙima, ba ga mai maƙoƙon rashin gishiri mai iyod ba. Ɗan'uwansa karbimazol, wanda aka fi sani a ƙasashe masu amfani da Faransanci, jiki na mai da shi metimazol ne.

An yi shekara da shekaru ana musu, don jariran ba su da yawa. Sai ga wani labari daga Sipaniya. Can María Luisa Martínez-Frías ta kafa rajistar tawayar jarirai tun 1976. A 1992 ita da abokan aikinta suka ba da rahoto cewa giɓin fatar kai ya ƙaru a wasu yankunan ƙasar cikin shekarun 1980, kuma suka danganta hakan da masu kiwon da ke zuba metimazol a abincin dabbobi a ɓoye don su yi saurin ƙiba. Zato ne mai ƙarfi, ba hukunci ba, amma ku duba nisan tafiyar: an tashi daga idon uwa, an zo ga ma'ajin abincin sa. Mu da muke ƙasar kiwo, muke ganin ana sayar da magungunan ƙiba na dabbobi a tebur ranar kasuwa, labarin nan ya kamata ya tsaya mana a rai.

A 2012 wani asibitin tiroyid a Tokiyo ya fitar da lissafin dubban masu ciki. Cikin waɗanda suka sha metimazol a watanni ukun farko, wajen jariri 4 cikin 100 ya zo da wata tawaya, ciki har da giɓin fata. Cikin waɗanda ba su sha ba, wajen 2 cikin 100. Saboda irin wannan ne yau likitoci ke sauya wa mace magani zuwa wani mai suna propiltiyurasil idan tana neman ciki ko ciki na farawa. A kula: mai shan maganin nan kada ta daina da kanta, don ciwon tiroyid da ba a kula da shi ba shi ma yana kashe ciki. Ta je ta faɗa wa likita, shi ke nan.

Ba ciwo ɗaya ba ne

Wadda ta tattara duk wannan ita ce Ilona Frieden, likitar fatar yara a San Faransisko. A 1986 ta bi rahotannin da suka taru tun daga Cordon, ta kasa giɓin fata gida tara: na kai shi kaɗai, na kai da gaɓoɓi, na tagwaye, na masu bororo, na magani ko ciwon da ya kama uwa da ciki irin su ƙarambau, na kuromozom, da sauransu. Darasin aikinta shi ne giɓin fata alama ce, kamar zazzaɓi, hanyoyi da yawa ke kawo shi. A 1995 Beth Drolet da abokan aikinta suka ja hankali ga wata alama: idan gashi mai kauri da tsawo ya yi wa giɓin zobe, a ɗauki hoton cikin kai kafin a taɓa, don wataƙila akwai ƙofa zuwa ƙwaƙwalwa. A 2013 Alexander Marneros, a Boston, ya bi wani dangi mai giɓin kai zuriya bayan zuriya har ya kama ƙwayar gadon da ta sauya, mai suna BMS1. Shekara 246 kenan tsakanin tambayar Cordon da wannan amsa. Duk da haka, yawancin jariran da ke zuwa da ƙaramin giɓi guda ba a samun wani dalili a tare da su, kuma lafiyarsu lau suke girma.

Mu dawo gida

A Nijar ana haifar yara sama da miliyan ɗaya kowace shekara. Ɗauki bik ka yi lissafi da kanka: in dai 1 zuwa 3 cikin 10,000 ne, to jarirai 100 zuwa 300 ne ko fiye, duk shekara. Da yawansu a ɗaki za a haife su, nesa da likitan da ya taɓa jin sunan abin. A kowane gida daga cikinsu za a yi irin zaman da muka yi, a nemi wanda za a ɗora wa.

Kuma muna da wani hatsari namu na kanmu: ranar suna, wanzami na zuwa da aska. Rana ta bakwai kenan, lokacin da ɓawo ya fara kamawa. Ku tuna jaririn Campbell. Ga kuma masu cewa a barbaɗa toka, ko garin magani, ko a goge da ruwan zafi don wurin ya bushe, alhali bushewar ita ce abin gudu. Abin da likita ya ce mana kaɗan ne: a wanke hannu kafin a taɓa, a shafa man da ya rubuta, a rufe da kyalle mai tsabta na likita don wurin ya zauna da laima, kada a ɓamɓare ɓawo, kada aska ta je kusa. In an ga jini, ko ruwa na fita, ko wari, ko jiki ya yi zafi, a dawo ko da tsakar dare ne. Babban giɓi, ko wanda ake jin ba ƙashi a ƙarƙashinsa, wannan na babban asibiti ne tun ranar farko, don wani sai an dasa mishi fata.

Ranar sunan ɗiyar wana, ni aka sa in tsaya kan wanzami. Na ce mishi: "Baba, don Allah a bar tsakar kai, likita ya hana." Ya ɗaga kyallen ya leƙa, ya yi shiru, sannan ya ce ya taɓa ganin irinsa sau biyu cikin shekarunsa na aski, ɗaya ma a kan ɗan babban mutum. Ya aske gefe da gefe ya bar wurin. Na tambaye shi ko ya taɓa faɗa wa wani likita. Ya yi dariya ya ce wa ya tambaye shi?

Tambayar nan tasa ita ta sa na rubuta wannan. Cordon bai fi wanzamin nan gani ba. Uku ya gani, shi biyu. Bambancin kawai, ɗaya ya rubuta ya aika, har ga shi muna ambatonsa a Maraɗi da Damagaram bayan shekara ɗari biyu da hamsin. Cikinmu masu karanta ƴan takardun nan akwai masu koyon aikin jinya, da ungozomanci, da likitanci a Yamai da sauran garuruwa. Gobe ku ne a CSI na ƙauye, da rajista a gabanku. In irin jaririn nan ya zo, ku auna faɗin wurin, ku rubuta inda yake, ku ƙirga yatsu, ku tambayi maganin da uwa ta sha, ku tambaya ko akwai mai irin tabon a dangi, ku ce a nuna muku mabiyiya kafin a binne. Sannan ku fita tsakar gida ku faɗa da Hausa, kowa na ji, cewa ba wanda ya ji mishi ciwo. Mu sauran da ba likitanci muke karanta ba, ko wannan jimla ɗaya muka iya faɗa a gidajenmu, ta isa ta tsare aska ta kuma tsare mutuncin wata.

Wurin ya rufe cikin wata biyu. Yarinyar yanzu tana gudu tsakar gida, uwarta na yi mata ƴan kitso tana karkato gashi ya rufe tabon, sai wanda ya sani. Ungozomar kuwa, haihuwa uku aka yi a unguwa bayan tamu ba a kira ta ba. Da na je hutu na gaba na same ta tana sussukar hatsi, na zauna na ba ta labarin Cordon da na tagwayen da ke ɓuya a mabiyiya. Ta saurara har ƙarshe, ba ta tsai da aikinta ba. Da na gama ta ce: "To ɗana, ni ai na san ban yi ba. Je ka hwaɗa ma gwaggonka."